Mai Gadin da Ya Ƙi Tsire

Ranar Talata, kasuwar Mafara na ci, Likita Naziru mai asibitin haƙori ya kira Sufeto Bawa, wai an kwashe masa magani daga kabad.

"Amoksil da Flajil ne, waɗanda muke ba mutum in haƙori ya tara mugunya, sai na rage zafi," in ji likita. "Ba a fasa komai ba. Farida ke riƙe da makulli. In ba su fito ba, yau ta bar aiki."

Farida, ma'aikaciyar jinya, ta rantse makullin bai bar jakarta ba. Sufeto ya kafe ta da ido. Can ta ce, to, jiya da za ta yi la'asar ta rataye shi a ƙusa.

Ƙusar kuwa bisa bencin mai gadi take. Ƙarƙashin bencin Sufeto ya tsinci ɓawon kafso, an buɗe an zazzage garin.

"Wasu cikin kogon haƙori suke tura shi," in ji likita. "Aikin banza."

Mai gadin, Baba Nagode, tsohon mahauci ne. Ya naɗa rawani har haɓa, ga bazara ana zufa.

"Baba, ina gajiya? Rawanin fa?" in ji Sufeto.

"Sanyi nika ji, ranka ya daɗe."

Sufeto bai ja ba. Ya sa aka sawo tsire, ya baje a benci, kowa ya sa hannu. Nagode ya kau da kai.

"Azumi nikai."

"Ga shayinka nan bai huce ba," in ji Sufeto. "In mahauci ya ƙi nama, Baba, ko naman mushe ne, ko haƙori. Kwance rawanin."

Da ya kwance, kunci ya bayyana a kumbure, kamar an ɓoye mangwaro a ciki.

"Ni na ɗauka," in ji Nagode. "Kullum ina jin ƙarti na kuka a ɗakin can. Ni da na kayar da bijimai, yara su ji nawa?"

Likita ya taɓa wurin. "Magani kaɗai ba ya fid da mugunya, sai an tsaga. Kumburin ya doshi maƙogwaro."

Nagode ya miƙa wa Sufeto hannu biyu. "Don Allah kai ni ofis, a kulle ni."

"Za mu je, Baba. Amma hanyar ta nan ta bi."

Sufeto ya kama shi har kujerar likita. Farida ta sa safar hannu.

"Baba, buɗe baki."