Gem Ɗin 'Yan Dako

Ta bango harbin ya shigo.

Maman Mitsi tana cikin yanka yadi a sabon shagon ɗinkinta, almakashi ya suɓuce mata. Kafin ta ankara tana ƙarƙashin tebur, hannuwa a kunne, haƙoranta na haɗuwa. Harbi ya ci gaba, sai ga dariyar samari ta biyo baya. Dariyar ce ta fito da ita. Ta ja mayafi ta nufi shagon da ke jikin nata.

Shagon wasan bidiyo ne, talabijin a jere jikin bango, wayoyi a harɗe ƙarƙashin benci. Can a kusurwa wani dogon saurayi ya sunkuya kan hannun gem, abin da ake dannawa a buga wasan, wanda ya kwance, ƙaramin sukudireba a bakinsa.

"Malam, kai ne mai wurin nan?"

Ya ɗago da murmushi, sai idonsa ya sauka kan hannunta da ke karkarwa. Murmushin ya ɗauke. Bai tambaye ta komai ba, ya miƙa hannu ya kashe soket. Shagon ya yi tsit, samari suka hau ƙorafi.

"Ki yi haƙuri, maƙwabciya," ya ce. "Ban san bangon ba shi da kauri ba."

Ta zo da faɗa cike da baki, ta rasa inda za ta sauke shi. Ta juya ta fita.

Washegari saƙo ya shigo wayarta.

"Salam. Mai Gem ne, na ga lambarki a allon shago. Na manna soso a bango, na sa wa kowa abin kunne. In kin ƙara jin wani abu, ki buga bangon, zan kashe."

Ta amsa: "Na gode. Amma da ka bar sayar wa 'ya'yan mutane kisa, da ya fi soso."

"Yaron da muryarsa ba ta buɗe ba, ƙwallo da tseren mota kawai nake ba shi. Kuma ba duka ne kisa ba. Akwai gem ɗin da aka tsana don ba a kisa a cikinsa yadda ake so."

Ta karanta, ba ta goge saƙon ba.

Maƙwabtaka ta yi aikinta. Injin keken ɗinkinta ya ƙone, ya gyara. Labulen shagonsa ya yage, ta ɗinke. In an taso Mitsi daga makarantar yara, sai ta tsaya a ƙofarsa tana kiran "Kawu Gem", shi kuma ya juya talabijin baya kafin ya fito ya ɗaga ta sama. Wannan juya talabijin ɗin shi ya fara shiga zuciyar uwar. Mace mai 'ya ba ta fara duba fuskar namiji, abin da yake yi in yarinya ta shigo take dubawa.

Ran nan da hantsi, yana ɗaure mata bel ɗin keke, ta ba shi labarin da ba ta ba kowa.

'Yan fashi ne suka harbi mijinta a ƙofar kantinsa, tana tsaye daga ciki da tsohon ciki. Ya faɗi a bakin ƙofa yana kallonta. Jawo shi ciki kawai za ta yi, jikinta ya ƙi. Tun daga ranar, ko ƙofa aka buga da ƙarfi sai ta sandare. Akwai ranar da wani abu ya fashe a kasuwa, ta sandare, Mitsi da ta fara tafiya ta saki zaninta ta nufi titi. Wata mata ce ta fizgo ta.

"Kakarta ta sani," ta ce, idonta a kan allura. "Uwar marigayi. Ba ta ce komai ba, amma tun ranar take kallona kamar tana jiran ta biyu."

Mai Gem ya ajiye bel ɗin. Sannan ya je shagonsa ya dawo da wani faifai da kwalinsa ya koɗe.

"Samari suna ce masa gem ɗin 'yan dako. Ba mai taɓa shi. Masu sharhi a intanet sun yi masa kaca-kaca, wai zanensa ya tsufa, harsashi kaɗan, tafiya kamar ta mai ciwon ƙafa. Abin da ba su faɗa ba shi ne, ba a cinsa da yawan waɗanda ka harbe. Gari ne ya rikice, abokin tafiyarka ya faɗi, dole ka kama shi ta hammata ka ja shi zuwa motar asibiti. In ka bar shi ka gudu, ka faɗi, ko da kuwa ko ƙwarzane ba ka yi ba. Ni ba likita ba ne, maƙwabciya, kuma kada ki fasa ganin likita. Amma a nan, rimot ɗin murya a hannunki yake."

"Ka haukace," ta ce.

Sai da aka ɗauki lokaci kafin ta shiga. Da safe, kafin samari su zo, ƙofa a buɗe, talabijin babu murya ko kaɗan. Ranar farko ko hannun gem ɗin ba ta iya riƙewa ba. Daga baya ta riƙe. Daga baya ta danna rimot, harbi ya fito can ƙasa-ƙasa kamar ana fasa tsakuwa a nesa. Ta yi gumi, ta kashe, ta koma ɗinkinta. Bai taɓa ƙara muryar da hannunsa ba. Ita ke ƙarawa, ɗan kaɗan, ranar da ta ji za ta iya. Ranar da ba ta iya ba, su yi hirar zare da wayoyi.

Shi ke buga wanda ke faɗuwa. Ita ke ja.

"Kwamanda, kin bar ni a kwalbati!"

"To wa ya ce ka yi nauyi haka? Rage ci."

Da yamma saƙonsa ya kan shigo: "Kwamanda, yau kin ja ni har bakin gada. Ban taɓa jin daɗin faɗuwa irin na yau ba."

Ita kuma: "Mai Gem, ka yi wa kanka faɗa. Ni uwa ce."

"Na sani. Uwar nake so, da 'yarta. In kin ba ni dama, zan turo manyana."

Ta karanta ta kife wayar, ta sake ɗauka ta karanta. Yayanta ya bincika, ya amince. Saura Kaka, don ita ta yi wa kanta alkawarin ba za ta shiga wani gida ba sai da albarkar tsohuwar.

Ashe akwai mai kallo. Baffan Mitsi, ƙanin marigayi, ya daɗe yana aiko mata da maganar aure tana kaucewa. Wata safiya ya zo shagonta bai same ta ba, ya leƙa na kusa. Ranar ce ta fara kai abokin tafiyarta har motar asibiti, harbi na tashi da murya sosai, ta saki dariya har da hawaye. Abin da wayarsa ta ɗauka ke nan: matar wanda aka harbe, bindiga a allo, tana ƙyalƙyala dariya, wani namiji a gefenta.

Kaka ta kira ta gida. A ɗakin da hoton marigayi ke rataye, tsohuwar ta ajiye wayar Baffan a tsakaninsu ta bar bidiyon yana ta maimaitawa.

"Da irin wannan aka kashe min ɗa," ta ce, muryarta ba ta ko tashi ba. "Ke kuma dariya yake ba ki."

"Mama, ba haka ba ne, ki bari in..."

"Ban hana ki aure ba, 'yar nan, yarinya ce ke. Amma jinina ba zai tashi a gidan da ake cin abinci da ƙarar bindiga ba. Da ma kin taɓa sakinta a titi. Ki haɗa mata kayanta."

Maman Mitsi ta durƙusa. Ta ce ta fasa auren, ta ce ba za ta ƙara taka shagon ba. Kaka ta kau da kai.

"Ta zo wurina tukuna. In na ga hankalinki ya dawo, sai mu yi magana."

A hanya ta rubuta masa: "Ka yafe min. In aka ce in zaɓa tsakanin duniya da Mitsi, ba zan ko tsaya tunani ba. Kada ka ƙara kirana Kwamanda."

Amsarsa ba ta daɗe ba: "Da kin zaɓe ni a kanta, da ban so ki ba. In rufe shagon zai sa a bar miki ita, gobe zan rufe."

"Kada ka rufe. Shagon ba shi da laifi. Shi kaɗai ne bai ce min in manta ba."

Ranar da za a tafi da yarinyar, ta ninke mata kaya a jaka: rigar makaranta, maganin tari, 'yar tsanar da ba ta barci sai da ita. Ta yi wa Kaka bayanin yadda ake ba ta maganin. Baffa ya tsayar da mota a bakin titi, gaban shagunan, yana buɗe but. Mai Gem yana tsaye a ƙofar shagonsa, hannuwa a baya, bai matso ba.

Kaka ta kama hannun Mitsi, jakar a ɗaya hannun, suka nufi mota. Sai tayar wata babbar mota ta fashe dab da su.

Ƙarar ta girgiza gilasan shaguna. Baffa ya duƙa bayan motarsa, kamar yadda kowa zai yi. Kaka kuwa ta sandare a gefen kwalta, bakinta a buɗe, idonta na kallon abin da ba ya wurin. Hannunta ya saki na yarinyar. Mitsi ta tsala ihu ta ruga, ba wajen shago ba, wajen titi, inda babbar motar ke tangaɗi tana neman gefe.

Maman Mitsi ta ji sanyin nan ya taso mata daga ƙafa. Ta san shi. Ta sha jin sa a kan benci da rimot a hannu, ta kuma san yana wucewa in an ja numfashi an motsa. Ta motsa. Ta cafko rigar Mitsi ta baya ta cilla ta ga Mai Gem, wanda ya riga ya iso da gudu. Ta juya, ta zura hannuwa ta hammatar Kaka ta ja ta da baya, takalman tsohuwar na karce ƙasa, har bayan ginshiƙin baranda. Babbar motar ta murƙushe jakar kayan ta tsaya.

Shagon gem ne ya fi kusa, nan aka zaunar da Kaka a ƙarƙashin fanka. Ta sha ruwa. Ta daɗe tana kallon hannunta, wanda ya saki yarinyar.

"Ni ma haka nake yi," ta ce a hankali. "Ko murfin tukunya ya faɗi. Ban taɓa gaya wa kowa ba." Ta ɗago. "A ina kika koyi jan mutum haka?"

Maman Mitsi ta ɗauko faifan mai koɗaɗɗen kwali ta ɗora mata a cinya.

"A nan, Mama. Ba zan ce miki duk irinsa alheri ne ba, akwai waɗanda ni ma ba zan bari a kunna a gabana ba. Amma wannan, da kowa ya raina, shi ya bar ni in ji ƙarar nan daidai yadda zan iya ɗauka, in faɗi in sake. Ranar da aka ɗauke ni ina dariya, ba don na harbi wani ba ne. Ranar ce na fara kai mutum asibiti da rai. Abin da ban iya yi wa ɗanki ba."

Kaka ta rufe fuska da mayafi. Baffa ya tsaya a ƙofa kansa a ƙasa, can ya ce wa Maman Mitsi, "Ki yafe min, Yaya," ya tafi tattaro kayan da suka watse a titi.

Da ta share ido, tsohuwar ta dubi Mai Gem sama da ƙasa.

"Kai, dogo. Jikata ba za ta taɓa wannan abin ba sai ta girma."

"Ko kallonsa ba za ta yi ba, Mama."

"To ka turo manyanka. Kuma ka sayo mata wata jakar."

Ba a yi wani babban taro ba, dangi ne da maƙwabta da samarin shago, waɗanda suka yi ta tsokanar ango wai ɗan dako ya samu mai ɗaukarsa. Kaka da kanta ta raka amarya, Mitsi na riƙe da zanin uwarta. A bakin ƙofa ta haɗa hannuwansu ta ce, "Allah ya ba ku zaman lafiya, ya raya muku wannan da masu zuwa. Duk wanda ya faɗi a cikinku, Allah ya ba ɗayan ƙarfin jan sa." Aka amsa da amin.

Bayan biki, wata safiya suna buɗe shagunansu, sai ga Kaka da sandarta. Ta wuce shagon ɗinki ta shiga na gem, ta zauna a bencin gaba ta gyara mayafi.

"Ba taɓawa zan yi ba," ta ce. "Ke 'yar nan, zauna kusa da ni. Kai kuma dogo, ba ni abin muryar nan a hannuna."