Sitikar da ke Gefen Hoto

Auta na tsakar gida tana shanyar wanki, tana 'yar waƙarta ƙasa-ƙasa, sai aka banko ƙofa kamar za a ɓalle ta. Babban wansu ne, Yaya, mai shagon kayan sola a bakin kasuwa. Ko sallama bai yi ba, ya wuce ta fuu da waya a hannu yana huci.

"Abba! Fito ka ga abin da surukinka na gobe ya yi mini!"

Auta ta saki wankin da ke hannunta. Surukin gobe dai mutum ɗaya ne a gidan nan, wato saurayinta, wanda 'yan unguwa ke kira Injiniya, rabi girmamawa rabi tsokana. Ya karanci lantarki, ya fito da sakamako mai kyau, amma yawon neman aiki ya cinye masa takalmi bai samu ba. Da ya ga zaman kashe wando zai kashe shi, sai ya buɗe bulog, shafinsa na kansa a intanet, yana rubuta abin da ya sani: yadda ake gane batirin jabu, abin da ke sa inbatar sola kuka, inda ya kamata a kafa fanel mai ɗaukar hasken rana. Duk gidan da aka kira shi ɗan gyara, sai ya nemi izinin mai gida ya ɗauki hoton matsalar, ya yi bayaninta dalla-dalla. Auta ce editarsa. Shi ya rubuta ya turo mata, ita ta gyara kurakurai, ta datse hotuna, ta ɗora. Fasuwod ɗin shafin ma a kanta yake.

Abba ya fito yana gyara zaman tabarau. Tsohon direban babbar mota ne, ya ajiye sitiyari amma bai ajiye faɗa ba. Umma ta biyo bayansa da ludayi a hannu.

"Kai lafiya kake kwarara mana ihu da rana tsaka?"

"Ina fa lafiya! Dubi nan, Abba. Ya rubuta wai an yi wa wani gida aikin ganganci, an haɗa batir da inbata da siririyar waya, babu fiyus, wai gobara ce ke jiran lokaci. Ya sa hoto. To ja hoton ka gani!"

Yaya ya buɗa hoton da yatsu biyu. Can a kusurwa, jikin inbatar, ga 'yar sitika mai ruwan ɗorawa, ɗauke da sunan shagonsa da lambar wayarsa raɗau.

"Tun safe ake kirana ana zagina. Wani kwastoma har ya dawo mini da kaya. A kasuwa nuna ni ake yi da baki. Yaron da muke shirin bai wa ƙanwata shi ne zai tona mini asiri a duniya!"

Auta ta leƙa wayar, ta gane hoton. Ta tuna ranar da ta ɗora shi sarai. Ƙawarta na tsaye a kanta tana azalzalarta su fita, ta datse hoton a gurguje, ba ta buɗa shi ta duba kusurwoyi ba kamar yadda Injiniya ya sha jaddada mata. Kullum maganarsa kenan: a rufe suna, a rufe lamba, matsala muke nunawa ba mutum ba. Shi ko kusa bai san aikin shagon Yaya ba ne. Ita ce ta saki sitikar nan ta fita duniya.

Ta buɗe baki za ta yi magana, Abba ya daka tsawa. "A kira mini shi yanzu!" Sai ta ja bakinta ta tsuke.

Injiniya ya zo, ya durƙusa a gaban Abba a falo, kansa a ƙasa. Auta na bayan labule tana saurare.

"Abba, na yi kuskure, a yafe mini. Bai kamata sitikar nan ta fita ba. Tun a hanya na cire hoton."

"Ka cire bayan duniya ta gama gani?" in ji Yaya. "Ka rubuta cewa ƙarya ka yi, aikin nan lafiyarsa lau!"

"Yaya, wannan kam ba zan iya ba. Wayar nan ta yi siriri, in aka ɗora mata nauyi za ta yi zafi. Akwai yara a gidan."

"Ka ji ko, Abba? Ka ji rashin kunya!"

Abba ya sha mur. "Ni dama wannan danne-dannen wayar bai taɓa kwanta mini ba. Mutum ba ofis ba shago, sai rubutu a iska. Na yi shiru ne saboda yarinyar nan. To ka saurara. Ka goge shafin nan gaba ɗaya, kada ko harafi ya rage. In ba haka ba, kada in sake ganin ƙafarka a ƙofar gidana, maganarku da Auta kuma ta mutu."

Injiniya ya ɗago, idanunsa sun kaɗa sun yi ja. "Abba, wani kamfanin sola ya kira ni intabiyu ranar Litinin. Ban kai musu takarda ba, ban san kowa a can ba, a shafin suka ganni. Sun ce za mu zauna mu bi rubuce-rubucen tare. In na goge, da me zan je?"

"Ka je da ƙafarka! Na gama magana."

Har ya tashi ya fita bai ambaci sunan Auta ba, ko kallon labulen bai yi ba. Wannan ne ya fi komai cin ranta. Da ya nuna ta da yatsa ma da ta fi samun sauƙi.

Kai, ranakun da suka biyo baya ba su yi wa Auta daɗi ba ko kaɗan. Abinci ya ƙi wucewa, ta rame ta yi zuru-zuru. In ta kira Injiniya sai kuka ya ci ƙarfinta.

"Filis ka goge mana. Ka sake buɗe wani daga baya. Wallahi in na rasa ka ban san yadda zan yi ba!"

"Auta, ki yi haƙuri. Shafin nan shi ne kaɗai shaidata cewa na iya wani abu. In na goge shi, Abba zai ba ni ke in kai ki ina? Da wane aiki zan riƙe ki?"

"To bari in gaya musu ni ce..."

"Kul! Ni na ɗauki hoton, sunana ne a kan shafin. Ki bar shi a kaina."

Umma ta same ta a ɗaki ta kifa kai a kan filo. Ta zauna a bakin gado tana shafa bayanta. "Ke 'yar nan za ki kashe kanki ne? Kin san halin mahaifinki, in ya hau dokin zuciya sai ya gaji don kansa yake sauka."

Ana haka Yaya ya leƙo. Shi ma fa ya faɗa, don kasuwarsa ta tsaya cak, kuma yana da iyalin da yake ciyarwa. Ya sassauta murya. "Auta, an ce fasuwod ɗin na hannunki. Ki taimaki kanki, ki taimake ni. Danna ɗaya ne fa. Kina gogewa ni da kaina zan lallashi Abba, a kira iyayensa a yi magana."

Ya fita ya bar ta da wannan magana tana yi mata yawo a ka.

Ranar Lahadi da hantsi ta kulle kanta a ɗaki, ta shiga shafin. Ta gangara har inda aka rubuta a goge shafi, da jan rubutu. Ta danna. Waya ta tambaye ta ko ta tabbata. Hawaye suka ɗiga a kan gilashin, ta sa gefen mayafi ta share. Danna ɗaya, ta samu miji. Danna ɗaya kuma, gobe ya shiga ofishin mutane hannu rabbana, ya buɗe shafi ya tarar da wayam, kuma ya san wadda ta yi masa.

Ta ce bari ta yi wa shafin kallon ƙarshe. Sai ga sabon rubutu a sama, wanda bai turo mata ta gyara ba, har da kurakuransa na gaggawa. Ya rubuta cewa ya saki hoto da sunan shagon wani bawan Allah, wannan kuskurensa ne, yana neman afuwarsa a gaban kowa, kuma yana roƙon a daina zagi da yaɗa hoton. Amma bayanin waya yana nan daram, don rai ya fi ƙarfin kunya. Duk wanda aka yi wa irin wannan haɗi, ya kira shi zai zo ya duba kyauta.

Auta ta fashe da kuka mai sauti. Mutumin da ya tsaya a gaban duniya ya ɗauki laifinta, shi za ta soka ta baya? Ta fasa gogewar, ta miƙe ko takalmi ba ta tsaya sawa ba.

Abba na zaune a falo yana sauraron rediyo. Ta zube a gabansa.

"Abba, ni ce! Ni na ɗora hoton, ni ce ban duba ba. Ya hana ni faɗa ne don kada ka yi fushi da ni. In akwai wanda za a kora daga gidan nan, ni ce!"

Abba ya kashe rediyon. Ya juyo gare ta.

"Ke kika yi, shi ya zo nan ya durƙusa ya sha faɗa bai ce uffan ba?"

"E, Abba."

"Karanta mini abin da ya rubuta. Na farkon, wanda ya jawo fitinar."

Ta shiga karantawa. Da ta zo inda ya ce a kunna firiji da injin jan ruwa tare, a ɗan jira, sannan a taɓa bayan robar wayar da ke tsakanin batir da inbata, sai Abba ya ɗaga mata hannu. Ya miƙe ya nufi ɗan sito inda yaran shagon Yaya suka haɗa musu tasu solar. Ya ce wa Umma ta kunna firiji da injin ruwan. Suka tsaya cirko-cirko. Can ya kai bayan hannunsa jikin wayar, sai ya janye da sauri.

"Innalillahi! Ke kashe, kashe!" Ya juyo wajen Auta, fuskarsa ta canza. "Na yi rayuwata a kan babbar mota, na san abin da waya mai zafi take haifarwa. A kan wannan muke kwana? Kira mini yayanki."

Yaya ya zo ya taɓa, jikinsa ya yi sanyi. "Wallahi Abba ban sani ba. Ni saye da sayarwa na iya, haɗin yara nake ba wa. Da na san haka ne, zan sa a gidan da uwata take?"

"To gidaje nawa ka sa wa?"

Yaya ya sunkuyar da kai.

Kada ku ɗauka nan take Abba ya sauko. Ina! Cewa ya yi kawai a bar shafin, sauran magana sai ya yi tunani. Auta ta wuni ranar Litinin waya a hannu, ta zauna ta tashi, ta leƙa ƙofa ta dawo, ko ruwa ta kasa sha. Sai da rana ta yi sanyi wayar ta yi ƙara, Injiniya ne.

"Auta, kina zaune?"

"Don Allah ka faɗa, zuciyata za ta fashe!"

"Manajar kamfanin ta ce sun daɗe suna bin shafin, har suna tura wa ma'aikatansu su karanta. Da suka ga rigimar hoton sun so su fasa. Rubutun neman afuwar ne ya dawo da su. Ta ce masu takardar shaida suna da yawa, amma wanda zai amsa kuskurensa a bainar jama'a kuma ya ƙi janye gaskiya, shi suke nema ya duba musu ayyuka. Auta, an ɗauke ni!"

Ta kurma ihun da ya sa Umma ta yar da murfin tukunya.

Duk da haka sai da Abba ya ja musu rai. Sharaɗinsa shi ne Injiniya da Yaya su bi gidajen nan ɗaya bayan ɗaya su canza waya su sa fiyus. Haka suka yi ta yi duk ƙarshen mako, tun ana gaisawa ciki-ciki har aka koma cin abinci a kwano ɗaya. Injiniya ya rubuta labarin gyaran a shafinsa, wannan karon da sunan shagon ɓaro-ɓaro, da yardar mai shi. Kwastomomi suka dawo har da sababbi, don mai kayan da zai biyo ka gida ya gyara kuskurensa ba kullum ake samunsa ba.

Ranar da aka gama gida na ƙarshe, Abba ya kira Injiniya falo, wurin da ya taɓa korarsa.

"Rubutun da na ce a iska kake yi, ashe shi ya hana gidana ƙonewa. Ka gaya wa iyayenka ina jiransu." Ya waiwaya wajen labule. "Ke kuma edita, na san kina nan. Fito. Daga yau duk hoton da za ki ɗora, ki kawo mini in sa tabarau in duba kusurwa!"

Umma ta tuntsire da dariya, Auta ta rufe fuska da mayafi, tana dariya tana hawaye.

'Yan uwana matasa, abin da ka iya, ka rubuta shi inda za a gani, domin wata rana shi zai shiga ofis ya yi maka magana kafin ka isa. Amma ka sani duk abin da ka saki ya fita kenan, ka duba shi da kyau kada ka cuci wani. In ka yi kuskure ka amsa, in kana kan gaskiya ka tsaya, sannan ka yi haƙuri da iyaye har su gane. Da Auta ta danna jan rubutun nan a ranar Lahadi, da ta goge aikin mijinta na gobe da amincin da ke tsakaninsu a lokaci ɗaya, siririyar wayar kuma tana nan a sito tana ɗaukar zafi.