Makirufo Na Biyu

Ranar da Kassimu ya fara ganin Hind, a durƙushe yake da wayar lasifika a baki, yana neman inda zai cusa ta ƙarƙashin kafet. Babu saurayin da zai so a fara ganinsa a haka.

"Kai ne mai sauti?" ta tambaya da Larabci.

Ya ɗago, ya tofar da wayar, ya amsa da Larabcinsa na wurin aiki, wanda ko kurma ya ji zai gane baƙo ne. Sai ta yi murmushi ta juya harshe.

"Bahaushe ne kai? Sannu da aiki, ya akhi. Ni ce Hind, 'yar takarar."

Hausarta irin ta jikokin alhazai ce, ta sha ruwan Jidda har ta yi laushi. Kassimu ya ji sannun nan har ƙasan zuciyarsa. Tun da ya baro Tasawa ya zo yi wa wani kafili, wato ubangidan da ya tsaya wa zamansa a ƙasar, aikin ba da hayar rumfuna da lasifikoki, ba ya jin "sannu" sai daga bakin mahaifiyarsa a waya.

Shekarar ce aka fara ba wa matan ƙasar damar tsayawa takarar majalisar gari. Sai dai 'yar takara ba ta tsayawa gaban maza: ko ta yi magana ta bayan labule, ko ta naɗa wakili ya yi a madadinta. Don haka rumfar da aka kafa a wani fili a unguwar Bani Malik an raba ta biyu da labule mai kauri. Makirufo na ɗaya na maza, na biyu na mata, dukansu kuma suna bi ta na'urar Kassimu.

Mahaifinta, Alhaji Abdulmalik, dattijo mai ƙarancin magana, shi ya zo da kansa ya tsaya a kan na'urar.

"Yaro, muryar 'yata ba za ta fito wajen maza ba. Da wannan sharaɗi na yarda ta tsaya. Thamer, ɗan yayana, shi ne bakinta. Amana na ba ka."

"Na karɓa, Baba."

Thamer kuwa saurayi ne fes, mai ƙamshin turare da Larabci mai daɗi. Duk unguwa ta san ba wakilci kaɗai yake hange ba.

To, abin da Alhaji bai lissafa ba shi ne, mai sauti dole ya saurari abin da yake sarrafawa. Kullum bayan la'asar Kassimu zai sa abin ji a kunne, ya zama shi kaɗai ne namijin da ke jin Hind a duk faɗin Jidda. Ɓangaren maza yakan ɗan cika saboda gahawa da dabino. Nata ɓangaren kuwa, wani lokaci kujeru take yi wa jawabi, sai 'yan tsofaffi kaɗan da suka zo don kara. Yana jin yadda take jan numfashi idan ta ɗago ta ga babu kowa, sannan ta ci gaba kamar rumfar ta cika.

Manufofinta ba su da yawa. Tana so majalisa ta riƙa zama ƙofa a buɗe, duk abin da aka yanke a manna shi inda kowa zai gani, har da sunan wanda ya ce e da wanda ya ce a'a. Sannan tana so majalisa ta kai shawara sama a kan 'yan sanda da 'yan kwana-kwana. A kafa ƙananan rukunin masu kashe gobara a cikin unguwa, da 'yan motocin da za su iya shiga lungu. 'Yan sandan unguwa su zama waɗanda aka sani da suna. A kuma yi shela ƙarara cewa wanda ya kira don gobara, wuta za a zo kashewa, ba takardunsa za a zo dubawa ba.

Duk lokacin da ta iso wannan gaɓar, muryarta takan yi rawa. Kassimu ya lura, bai san dalili ba.

Saƙonta na farko na aiki ne.

"Malam mai sauti, makirufona yana shaƙewa ko ni ce nake shaƙewa?"

"Makirufo lafiya lau. Ki riƙa shan ruwa kafin maganar gobara."

Sai ta rubuto: "Ya'ni kana jin duk abin da nake faɗa?"

"Aikina ne. Amma ko ba aikina ba ne, da na roƙa a ba ni."

Daga nan fa saƙo ya daina zama na aiki. Idan ya koma ɗakinsa na kusa da Madinar Masana'antu, inda abokan kwanansa ba sa jin yarensa shi ma ba ya jin nasu, wayar ce abokiyar hirarsa. Ta sa masa suna Kunnena. Shi kuma ya ce mata Hakima, tun ba a jefa ƙuri'a ba.

"Kunnena, yau mata nawa ka ji sun tafa?"

"Tafi ɗaya na ji, Hakima, amma mai ƙarfi ne."

"Inna Hadjara ce, maƙwabciyarmu. Ita ko atishawa na yi sai ta tafa."

Wata rana ta tambaye shi yadda maza suke karɓar maganar gobara. Ƙarya ba ta yi masa ba, gaskiyar kuma ya san za ta yi zafi.

"Ba su taɓa jin ta ba. Thamer yana karanta ta buɗe ƙofar majalisa, ya ƙara da fitilun titi da wurin wasan yara. Idan ya zo kan 'yan sanda da gobara, sai ya juya shafi."

Washegari ta tare shi kafin mutane su zo, idanunta jajur.

"Na tambaye shi. Wai maganar ta fi ƙarfina, wai majalisa ba ta da iko a kansu. Na sani! Shawara na ce, ba umarni ba. Kassimu, yau ka buɗe makirufona wajen maza."

"Ba zan iya ba, Hind."

"Yatsa ɗaya ne kawai."

"Na sani. Amma Baba amana ya ba ni, na kuma ce na karɓa."

Ta dube shi, kallon da ya gwammace mari a kansa.

"Ashe kai ma labule ne. Khalas, shi ke nan."

Ta juya ta shige. Daga ranar saƙo ya ɗauke.

Kamar hakan bai isa ba, Thamer ya hango su tsaye, ya kai labari gida da gishirinsa. Alhaji ya kira Kassimu gefe, bai ɗaga murya ba.

"Yaro, abinci ka zo nema, ka tsaya a kan abincinka. 'Yata a nan aka haife ta, a nan aka haife ni. Kai kuwa iƙamarka, takardar zamanka, tana hannun wani, gobe ya ce ka tafi, ka tafi. Ba zan ba ta mutumin da ba shi da tabbacin kwana ba."

Thamer ya ƙara da nasa a bakin mota: kalma ɗaya zai faɗa wa kafili, sai dai Kassimu ya ji labarin Jidda a rediyo.

Kwanakin da suka biyo baya sun yi wa Kassimu tsawo. Ba abin da ya kai wannan ciwo: kullum muryarta tana cikin kunnensa, kusa kamar numfashinsa, amma ba da shi take ba. Ya rubuta mata, "Hakima, ban ƙi ki ba. Ina son in shiga gidanku ta ƙofa ne." Alama ta nuna ta karanta. Ba ta amsa ba. Ya riƙa cin shinkafarsa a tsaye, yana kwanciya da takalmi. Da mahaifiyarsa ta ce muryarsa ta canza, ya ce mura ce.

Ranar taron ƙarshe, Alhaji ya ja kujera ya zauna dab da na'urar. Bai ɓoye dalili ba.

"Yau ni zan yi gadinka."

"Bismillah, Baba."

Thamer ya hau yana zuba Larabci, maza suna kurɓar gahawa. Ya zo wurin da ya saba, ya juya shafi. A kunnen Kassimu kuwa wani abu daban ke faruwa. Hind ta ajiye takarda, ta bar Larabci, ta koma Hausarta mai tuntuɓe, domin tsofaffin da ke gabanta ita suka fi ji.

Kassimu ya saurara kaɗan. Ya dubi maɓallin nata. Yatsa ɗaya ne kawai, kamar yadda ta ce. Sai ya janye hannunsa, ya cire abin jin daga kunnensa, ya miƙa wa dattijon da hannu biyu.

"Baba, ban buɗe ba, ba kuwa zan buɗe ba. Maza ka ce kada su ji ta. Amma kai mahaifinta ne."

Alhaji ya harare shi. Ya karɓa dai, ya ɗora a kan hularsa a karkace.

Ko a haka Kassimu yana jiyo muryar tana tsiyayowa.

"Ina ƙarama wuta ta kama gidanmu. Abuya, mahaifina, ya yi tafiya. Maƙwabta sun fito, wallah sun fito, da bokiti da tukunya da bargo. Amma ba wanda ya kira. Rabinsu ba su da iƙama, sun ɗauka idan motar wuta ta zo, motar 'yan sanda tana bayanta. Da aka kira, babbar mota ta zo ta tsaya a bakin lungu, ba hanya. Inna Hadjara, ke kika fito da ni, hannunki yana nan da tabon. Ummi ba ta fito ba."

Ta ci gaba.

"Ban taɓa jin haushin kowa ba. Tsoro ne. A gidanmu ba a maganar nan, Abuya ba ya iyawa, ni ma ba na son in tayar masa. Ba kujera nake so ba. So nake kada wata uwa ta sake mutuwa mutane suna riƙe da waya suna tsoron dannawa."

Kassimu bai kalli fuskar Alhaji ba, don bai dace ba. Ɗigon ruwa kawai ya gani yana sauka a kan farar rigarsa.

"Yaro," muryar ta fito a dishe, "wanne ne nata?"

"Na biyu, Baba."

Dattijon ya miƙa yatsa ya tura maɓallin har ƙarshe. Lasifikoki suka yi wata ƙara, Thamer ya tsaya da baki buɗe, muryar Hind ta cika rumfar. Da ta ji amon kanta daga wancan ɓangaren sai ta yi shiru. Alhaji ya miƙe, ya karɓi makirufon hannun Thamer.

"Ya binti, ni ne na buɗe. Faro daga farko, da Larabci, kowa ya ji."

Ta faro. Ba a ƙara jin ƙarar kofin gahawa ba har ta gama.

Kassimu yana naɗe wayoyi saƙo ya shigo.

"Kunnena. Abuya ya faɗa mini yadda aka yi. Ka yafe mini."

"Dakor, ya wuce, Hakima. Amma kin ramar da ni da yawa, sai kin biya."

Ba ta ci zaɓe ba. Wanda ya ci ɗan babban gida ne, ƙuri'unta ko kusa ba su kama ƙafar nasa ba. Ta yi kukanta ta share. Sai dai wasu daga cikin mazan da suka ji ta sun ɗauki maganar, suka bi gida-gida suna tattara masu goyon baya don a kai wa sabuwar majalisar. Ko za a yi ko ba za a yi ba, Allah ne masani. Thamer ya yi fushinsa ya gama, bai kira kafili ba, domin baffansa Alhaji ya riga shi kiran kafilin, ya tsaya wa Kassimu.

Bayan sallar Juma'a Alhaji ya aika aka kira Kassimu gida. Ya zauna a bakin kafet, kansa a ƙasa.

"Wa kake da shi a garin nan?"

"Ba ni da kowa, Baba."

"Na ce ba ka da tabbacin kwana, har yanzu ba ka da shi. Amma na ba ka amana a lokacin da cin ta zai fi maka riba, ka riƙe. Ka kira kawunka a Tasawa, ka ba ni shi."

Izinin auren 'yar ƙasa da baƙo ya ja su a ƙasa. An je an dawo, an kai wannan takarda an ce sai waccan, har Hind ta ce da ta sani da shi ta sa a manufofinta. Da izinin ya fito, aka ɗaura aure a masallacin Bani Malik, mahaifiyar Kassimu tana saurare ta waya tana rangaɗa guɗa daga Tasawa. Inna Hadjara ta tafa har hannunta ya yi ja.

Da aka kai amarya, mutane suka watse, Kassimu ya tsaya a bakin ƙofa. Mutumin da ya saba da saƙo da abin ji, yau ga mai muryar zaune a gabansa.

"Malam mai sauti," ta ce, "kana jina?"

"Ban ji sosai ba, Hakima. Matso."

Ta yi dariya ta matso. Daga tsakar gida suka jiyo Alhaji yana sallamar baƙi na ƙarshe, yana addu'a da ƙarfi yadda ba a taɓa jin ya yi ba: Allah ya zaunar da su lafiya, ya tsare gidansu daga wuta da tsoro, ya jiƙan wadda ba ta ga wannan rana ba.

Su biyun suka ce amin tare.