Akwatin da Aka Buɗe wa Ciki

Ranar da ya fara shiga shagon gyaran kayan sauti, ya tarar da wata budurwa, hannunta na hagu yana cikin aljihun rigar aiki, kuma ba ta fitar da shi ba ko da ta amsa sallamarsa. Na dama kaɗai ke cikin wata na'ura da aka kwantar a kan tebur. Ya ɗauka girman kai ne. Sai daga baya ya san ƙa'idar shagon ce: irin waɗannan na'urori suna riƙe wuta a cikinsu ko an zare su daga soket, wanda ya sa hannu biyu kuwa, ta ƙirjinsa wutar za ta bi.

Shi makaɗin gita ne a wata ƙungiya da ke wasa a wuraren taro. Abin da ya rungumo amfilifayan marigayi mahaifinsa ne, na'urar da ke ƙara wa gita murya, tsohon akwati mai kwalabe, waɗannan ƙananan gilasai da ke yin ja idan sun ɗumama. Fatar jikin akwatin ta kwaile a kusurwoyi. A samansa akwai zoben da kofin shayin marigayin ya bari.

Ya ce akwatin lafiyarsa ƙalau, muryarsa garau. Matsalar ita ce idan aka zo inda gita zai fita shi kaɗai, ganguna sai su binne shi. Oga, shugaban ƙungiyar, ya gaya masa ya nemo gurnani irin na zamani, ko kuma a nemo wani makaɗin.

Ta sa ya jona ya kaɗa. Ta saurara kanta a sunkuye, sannan ta ce hanya biyu ce. Ta farko a buɗe cikin akwatin, a cire wasu ƙananan kayan wuta da ake kira kwandansa da rizista a sa waɗansu, yadda kwalbar farko za ta riƙa tura ta biyu da ƙarfi. Zai samu gurnani mai kauri, amma huci zai ƙaru, kuma gurnanin zai zauna ke nan, ko yana so ko ba ya so. Ta biyu a sa fedal ɗin busta, wata 'yar na'ura da ake takawa da ƙafa, tsakanin gita da akwatin. Fedal ba ya taɓa komai a ciki, siginar gita kawai yake ƙara wa ƙarfi kafin ta shiga. Gurnaninsa bai kai na farko cika ba, amma in ya taka ya zo, in ya sake takawa ya tafi.

Ya tambaye ta wanne za ta zaɓa in da nata ne.

"Da nawa ne, ko sukurun bayansa ba za a kwance ba," in ji ta.

A can ƙuryar shagon mahaifinta na zaune da ƙarfen dalma, bai ɗago ba. Baba shi ne mai shagon, hannunsa bai taɓa rawa ba, amma shekarun da ya yi yana gwada lasifika sun cinye masa ji. Sai an matso kunnensa na dama an ɗaga murya. Haka suke aiki: shi ya liƙa, ita ta saurara, ta nuna masa da yatsa ko a ƙara ko a rage. Shi kuma ya ɗora tafin hannu a kan akwati ya ji motsinsa.

Mai gita ya dawo da fedal na aro. Bai yi ba, ya yi tsini da yawa. Ya dawo da wani, shi kuma ya toshe muryar kamar an rufa mata bargo. Zuwa na gaba ya manta da fedal ɗin gaba ɗaya, sai kansa ya kawo. Ta lura, ta tura masa kujera da ƙafa.

Ya sa mata suna Injiniya. Ita ta sa masa Sarkin Ƙara.

"Injiniyata, yau na taka fedal a tsakiyar waƙa na tuna ki, har na wuce inda zan shiga. Oga ya harare ni."

"Sarkin Ƙara, kar ka ɗora mini laifin ƙafarka. Ka ci abinci?"

"Na ci. Amma akwai huci a ƙirjina, ko za ki duba?"

"Ba ma buɗe tsofaffin kaya a shagonmu."

Da maganar ta yi nisa, ya aiko kawunsa wajen Baba neman aurenta. Baba ya karɓe shi da mutunci, ya kuma sallame shi ba tare da amsa ba. Washegari ya kira 'yarsa bayan shago. Bai ce yaron ba shi da hali ba, bai raina sana'arsa ba. Ya ce shi ya san masu gita, a hannunsa suka girma. Yau ƙarin ƙarfi, gobe ƙarin ƙarfi, babu ranar da za su ce ya isa. Ya nuna kunnensa.

"Wannan su suka ci shi, da kaɗan da kaɗan, kuma da yardata. Naki ba zan bayar ba."

Ta yi ƙoƙarin bayani, amma bayani da ihu a kunnen uba ba ya fita yadda aka nufa. Ya juya mata ɓangaren hagu. Ya ce kada yaron ya ƙara taka shagon.

Ta rubuta masa: "Baba ya ce kar ka zo. Ka ba ni lokaci, kar ka tambaye ni komai yanzu."

Abin da ba ta rubuta ba shi ne ta soma haɗa masa fedal da hannunta, wanda ta auna daidai da akwatin nasa, tana yi a ɓoye duk sa'ad da Baba ya fita. So take ya zama ba-zata. Shi kuwa saƙon kawai ya gani, da shirun da ya biyo baya.

Mutum biyu ne kawai ke gyaran akwati mai kwalabe a duk inda ƙafarsa za ta iya kai shi. Ɗaya Baba, ɗaya Dogo, wanda ya koyi aiki a hannun Baba kafin ya buɗe nasa shagon a tsallaken titi. Kowa a layin ya san Dogo ya daɗe yana son 'yar maigidansa. Babban wasan ƙungiyar ya matso, Oga ya sake maimaita maganarsa, wannan karon a gaban kowa. Mai gita ya tsaya a bakin titi da akwatin a hannu, ya dubi ƙofar da aka hana shi, ya tsallaka.

Dogo ya karɓe shi da fara'a. Ya ce fedal wasan yara ne, kwalliya ce a waje, namiji daga ciki yake gurnani. Yana kwance sukurori yana hira, a ciki ya sako cewa Baba ya daɗe da nuna inda hankalinsa ya kwanta game da auren 'yarsa. Bai yi ƙarin bayani ba, Mai gita ma bai nema ba. Yana zaune yana jin ƙarar almakashin waya, ƙat, ƙat, bai ce a tsaya ba.

Aikin ya yi abin da aka ce zai yi. A wurin wasan gita ya hau kan ganguna ya zauna, Oga ya dafa kafaɗarsa, matsayinsa ya tsira.

Da yammacin wata rana mahaifiyarsa tana ninke kaya a ɗaki ta ce ya ɗan kaɗa mata abin da babansa ke kaɗawa in ya dawo aiki. Ya jona, ya rage maɓallin gita kamar yadda ya saba don muryar ta fito tas. Ba ta fito ba. Gurnanin ya ragu amma bai tafi ba, a ƙarƙashinsa kuma huci kamar iska na fita daga taya. Ya murɗa wannan, ya murɗa wancan. Mahaifiyar ta leƙo.

"Aro ka yi? Ina na babanka?"

Ya ce shi ne. Ta dubi zoben shayin, ta koma ɗaki ta ci gaba da ninki.

Yana nan zaune wayarsa ta yi ƙara. Hoton wani ɗan ƙaramin fedal ne mai maɓalli ɗaya, an yi masa fenti kore.

"Sarkin Ƙara, na gama. Naka ne. Ba sai an taɓa akwatin babanka ba."

Ya rubuta mata: "Injiniya, an riga an taɓa."

Ba ta sake rubuto komai ba a ranar.

Da safe ya koma wajen Dogo neman tsofaffin kayan da aka cire. Dogo ya nuna masa kwandon shara, wanda aka riga aka kwashe. Ya ce ƙarfi aka nema, ƙarfi ya bayar, ba wanda ya ce masa a adana komai. Gaskiya ya faɗa. Da aka matsa masa kan maganar da ya yi game da 'yar Baba, ya sosa ƙeya ya ce shi dai ya san Baba na sonsa, amma ita tun tuni ta ce masa yaya ne, yaya kuma zai zauna.

Mai gita ya ɗauki akwatin ya tsallaka titi, ya shiga inda aka hana shi. Ya ajiye shi a gaban Baba, ya durƙusa, bai ce komai ba domin ko ya ce ba za a ji ba. Injiniya tana tsaye, hannayenta biyu a aljihu.

Baba ya daɗe yana kallonsa. Sannan ya jawo akwatin ya buɗe. Ya gane hannun ɗalibinsa nan take, ya ce aikin da tsabta, laifinsa ɗaya, bai kamata a yi shi ba. Ya ce zai mayar da wayoyin yadda suke, zai sa sababbin kaya masu lamba ɗaya da na da. Amma tsofaffin sun yi shekaru suna shan zafi, sun gusa daga lambarsu, kuma gusawar nan ita ce muryar. Inda suka gusa zuwa, babu wanda ya auna.

Suka soma. Baba ya liƙa, Injiniya ta saurara. Sai dai ita sau kaɗan ta ji tsohuwar muryar, don haka dole ta riƙa kallon fuskar Mai gita. Ya kaɗa, ya girgiza kai. A cire, a sa wani. Ya kaɗa, ya saurara, ya sake girgiza kai. Hucin ya tafi, muryar ta dawo garau, kowane baƙo zai ce an gama. Shi ya san ba a gama ba, ita ma ta gani a fuskarsa, kuma babu abin da ya rage a cikin durowa da ba su gwada ba.

Duk sa'ad da aka canza wani abu sai ya ƙara rage ƙara, ya ajiye abin kaɗawa ya koma da babban yatsa, ya kawo kunnensa kusa da lasifika. Baba, wanda tafinsa ke kan akwatin, ya ɗago ya ce ya daina jin komai, ko wuta ta ɗauke. 'Yarsa ta matso kunnensa.

"A hankali yake kaɗawa, Baba. Babansa yake nema."

Baba ya bar hannunsa a inda yake. Ya dubi yatsan yaron yana motsi a kan wayoyin gita, ya dubi bakin 'yarsa.

"Ɗan nan, ba za ta dawo ba. Mun kawo ta kusa, nan ne iyakarmu." Baba ya nuna 'yarsa da haɓa. "Ni ma akwai muryar da na bari ta tafi. Ga mai ita nan tsaye kusa da kai. Ihunta kawai nake ji yanzu."

Ya kashe ƙarfen dalma, ya mayar da murfin bayan akwatin, ya ɗaure sukurorin ɗaya bayan ɗaya. Ya ce a gaya wa kawun ya dawo. Sharuɗɗansa uku ne: ba za a ƙara buɗe akwatin nan ba yana raye, 'yarsa ba za ta shiga wurin wasa ba sai da abin toshe kunne, kuma shi ma Mai gita haka. Batun shago bai ambata ba. Ita ce ta ce da safe za ta riƙa zuwa kamar kullum, ta faɗa da ƙarfi yadda har Dogo a tsallake ya ji.

Oga bai ji daɗin komawa kan fedal ba. Ya ce gurnanin ya rage kauri, kuma haka ne. Ya yi ƙorafi na ɗan lokaci, sannan ya saba.

An ɗaura auren da hantsi, aka yi ɗan taro a farfajiyar gidan Baba. Dogo ne ya jawo wayar wuta, ya kuma tsaya gadinta. Da aka matsa wa ango ya kaɗa, sai ya ajiye koren fedal a gaban ƙafarsa, ya taka sau ɗaya don abokai su ji, ya sake takawa ya kashe. Sauran duk a hankali ya yi, abin da mahaifinsa ke kaɗawa in ya dawo aiki. Baba ya jawo kujera ya ɗora tafinsa a kan zoben shayin.

Amarya ta sunkuya ta tambayi surukarta ko ya yi kama.

"Ya kusa," in ji ta. Ta riƙe hannun amaryar, na hagun, ta ce Allah ya ba su zaman lafiya, ya tsare musu jinsu, ya sa su daɗe suna jin muryar juna. Aka amsa da amin. Baba ya ga leɓɓa sun motsa tare, shi ma ya amsa.