Wanda Ya Ɗauke Na'urar Ido

Sufeto Tsanko Velev yana shirin kai banitsa mai zafi, wata wainar cuku, bakinsa ke nan wayar tebur ta ɗauki ƙara. An sace na'urar gwajin ido a ofishin Kulob ɗin Fitila.

Kulob ɗin yana da rassa a ko'ina cikin duniya, kuma reshen Norway ne ya aiko wa na wannan ƙaramin gari na Bulgariya da na'urar. Gobe Asabar likitar ido za ta zo daga Plovdiv, a hau ƙauyukan kan dutse a duba yaran makaranta. Idan babu na'ura, sai bazara mai zuwa, domin dusar ƙanƙara ta kusa rufe hanya.

Tsanko ya ɗauki Saje Radka suka nufi ofishin, wani ɗaki a bayan laburaren gari. Shugabar reshen, Madam Nevena mai kantin magani, tana tsaye a ƙofa da bajon kulob a ƙirji.

"Sufeto, don Allah kada 'yan jarida su ji."

"Madam, ƙofar nan ba a fasa ta ba. Wa ke da makulli?"

"Ni kaɗai."

Radka ta ɗaga tukunyar furen da ke gefen ƙofa. Ga makulli a kwance.

"Wannan fa?" in ji Tsanko.

"Wannan na 'yan kulob ne. Mu nan duk 'yan uwa ne."

Tsanko ya shafi goshi, ya shiga. Sabuwar kwamfuta tana kan tebur ba a taɓa ta ba, akwatin na'urar kawai aka ɗauke. A jikin katakon ƙofa, ta hannun dama idan mutum zai fita, akwai sabon ɓantare, alamar mai ɗaukar akwatin ya buga shi.

"Ƙofa mai faɗi haka, a ce mutum ya kasa wucewa?" in ji Radka.

"Wa kike zargi, Madam?"

"Ba na zargin kowa." Ta sassauta murya. "Amma ka tambayi Lyuben inda ya je jiya bayan taron cin abincin rana na kulob."

Lyuben Tonev tsohon lauya ne, shi ya riƙe shugabancin reshen kafin Nevena ta kayar da shi a zaɓe. Sun same shi a shagon kofi da ke dandali yana karanta jarida.

"Daga wurin taro gida na wuce," ya ce.

"Mai sayar da jarida ya gan ka kana komawa laburare."

"Mai sayar da jarida mashayi ne."

"Mashayi mai ido. Me ya mayar da kai?"

Lyuben ya naɗe jaridar da ƙarfi. "Hotona na koma ɗauka. Matar nan ta sauke shi daga bango ta jingine a bayan kabad. Ni na rubuta wa mutanen Norway har suka amince, ita kuma za ta tsaya gaban kyamara!"

"Na'urar tana nan lokacin?"

"Tana nan. Ka ga na yi kama da mai ɗaukar kaya? Bayana ma ba ya barina in ɗaura takalmi."

"Me aka tattauna a wurin abincin?"

"Shirme. Wai gobe kafin a tashi, 'yan kulob za a fara gwadawa a gaban magajin gari da 'yan jarida, don mutane su ga ba abin tsoro ba ne. Aka ce a fara da mai tuƙi. Kowa ya tafa."

Kafin la'asar Tsanko ya yi wa 'yan kulob da dama tambayoyi. Kowa sai ya fara ba shi labarin kekunan guragu da suka raba da miyar da suke dafa wa tsofaffi a lokacin sanyi, sannan ya ce bai ga komai ba. Wata ma ta nemi ya sayi tikitin cin abincin sadaka. Likitar Plovdiv ta bugo waya tana tambaya ko ta fasa zuwa.

"Saje, mutanen nan sun fi ɓarayin gaske wahalar da mutum," ya ce. "Ɓarawo ƙarya ɗaya yake yi, ta kansa. Waɗannan kowa yana yi wa ɗan uwansa."

Suka je garejin da ake ajiye farar bas ta kulob. Gefen hagu tas yake. Gefen dama kuwa duk ƙarzuwa ne, an bi da farin fenti irin na gida, madubin kuma an ɗaure shi da waya. Bakaniken ya ce shi bai sani ba, hanyoyin dutse ne. Da Tsanko ya ci gaba da kallonsa, sai ya ce direban bas ɗin, dattijon da ake kira Bai Kolyo, wato Baba Kolyo, shi ne ke shafa fentin da kansa, kuma tun bara ba ya fita sai da matarsa a kujerar gaba.

Tsanko ya daɗe a tsaye. Bai Kolyo ne ya tuƙa bas ɗin makarantar su Tsanko tun suna firamare. Tun da ya yi ritaya yake tuƙa ta kulob kyauta, yana kai marasa lafiya wankin ƙoda, yana kai wa gwauraye itacen wuta a ƙauye.

Matarsa, Inna Penka, ta tare su a ƙofar gida da hannu duk jan barkono, tana gasa wanda za ta ajiye don lokacin sanyi.

"Tsanko! Uwarka ta san ka rame haka? Shigo."

"Inna, jiya da rana ina Bai Kolyo?"

"Yana nan yana taya ni ɓare barkono. Ko ƙofa bai leƙa ba."

Dattijon yana zaune a ƙarƙashin rumfar inabi, ya sa rigar kulob mai ruwan ɗorawa, an goge ta don tafiyar gobe. Tsanko ya zauna a gabansa. Ya yi wa Radka alama, ta zagaya ta tsaya dab da kafaɗarsa ta dama.

"Kai kaɗai ka zo, ɗana?" in ji Kolyo.

Inna Penka ta ajiye kwanon da ke hannunta.

"Ba ni kaɗai ba ne, Bai Kolyo. Saje tana tsaye a damanka. Da ka miƙa hannu da ka taɓa ta."

Kolyo ya juya kansa gaba ɗaya kafin ya gan ta. 

"Tun yaushe?" in ji Tsanko.

"Ƙura ce ta shigar masa ido," in ji Penka da sauri.

"Bari, Penka." Ya dafa gwiwoyinsa. "Na daman ya tafi tun bara. Na hagun ma gefensa ya fara duhu. Ita ce ke faɗa mini, ga kwana, ga keke, ga rami."

"Ina na'urar?"

"Tana ɗakin ƙasa, bayan kwalaben tumatir. Na lulluɓe ta da bargo, ko danshi bai taɓa ta ba. Ran Litinin na yi niyyar mayarwa."

Tsanko ya miƙe tsaye, muryarsa ta ɗaga ba da saninsa ba. "Litinin! Likita ta koma, hanya ta rufe, yaran kan dutse su sake shekara ba sa ganin allo. Kuma kai ka ci gaba da ɗaukar mutane a hanyar da ko mai ido biyu yake addu'a! Ran Talata wa ka kai asibiti?"

"Mata biyu da jikar ɗaya daga cikinsu."

"Da ka zube su a kwari fa?"

Kolyo bai ɗago ba. "Na san hanyar nan kamar tsakar gidana."

"Ƙofar ofis ma ka san ta, ka buge ta."

Dattijon ya shafa bajon da ke rigarsa. "Da suka ce a fara da mai tuƙi, suna tafi, ni kuwa na ajiye cokali. A gaban magajin gari, a gaban kyamara, a ce Kolyo makaho ne. Tsanko, idan na isa ƙauye yara suna bin bas suna kiran sunana. Nevena na da kanti, Lyuben na da bakinsa. Ni sitiyari kawai na kawo kulob ɗin nan. Idan aka karɓe, sai zaman gindin murhu."

"Da ka faɗa musu, su ne za su kai ka wurin likita da kuɗinsu. Aikinsu ke nan! Shekara nawa kana kai wasu?"

Radka ta sauka ɗakin ƙasa ta fito da akwatin. Tsanko ya kira Nevena ya shaida mata. Ta ce ko za a iya cewa an manta na'urar a mota ne. Ya ce an riga an buɗe rahoto, kuma ya gaji da jin ƙarya yau. Sai ta tambaya, cikin ƙaramar murya, wa zai tuƙa su gobe, tunda babu mai lasin babbar mota a kulob.

Tsanko ya rufe ido ya ja numfashi. Gobe ce ranar hutunsa, kuma shi yana da lasin.

"Ku shirya da safe," ya ce, ya kashe wayar.

Bai fito da ankwa ba. Ya miƙa hannu, Kolyo ya ciro makullin bas daga aljihu, ya riƙe shi ɗan lokaci kafin ya saki.

"Bayan gadar nan ta biyu ka sa giya ta ƙasa," ya ce. "Birkinta ba ya son zafi."

"Na ji. Tashi mu je caji ofis ka ba da bayani. Gobe kuma, idan alƙali ya sake ka, kai ne na farko a layin likita."

Penka ta ɗora wa mijinta kwat a kafaɗa tana kuka ba sauti. Tsanko ya koma ta damansa, ya kama gwiwar hannunsa, suka sauka matakalar ƙofar gida a hankali zuwa inda motar 'yan sanda take.