Muryar Kaka Settimio

Ranar da Fulvio ya fara ganin Ottavia, bakinsa ne ya ja masa.

A zauren cocin Tolfa ne, da la'asar, inda kowace shekara ake haska Rijiyar Matattu, tsohon fim ɗin kaboyi da aka ɗauka a tuddan garin. Fulvio mai gyaran sautin tsofaffin finafinai ne, daga Roma aka kira shi ya kula da na'ura. A cikin fim ɗin, wani ɗan fashi ya gama doguwar barazanarsa, harsashi ya kaɗo shi daga kan doki, zauren ya kaure da tafi.

"Faɗuwar nan ita ce fim ɗin," Fulvio ya faɗa a fili. "Amma muryar, kamar mai karanta labarai a rediyo."

"Kakana ne," in ji wata a bayansa.

Ya waiwaya. Hararar da take masa ta fi murmushin wasu kyau. Ya nemi afuwa sau uku, a na huɗun ya nemi lambarta.

Wata biyar suna tare kafin magana ta kai kunnen Kaka Settimio, wanda shi ya rene ta. Sai dai a karkace ta isa: wai ɗan Roma ya ce fim ɗin shara ne. Wanda ya kai ta kuwa Gualtiero ne, ɗan mai kantin magani na garin da ke maƙwabtaka, wanda ya daɗe yana zagayen gidan.

"Kada yaron nan ya taka mini ƙofa," in ji Kaka.

Tun daga nan, kowace Lahadi Gualtiero ne a teburinsu. Fulvio yana Roma, zuciyarsa na tafasa. Ya tura wa Ottavia saƙo:

"Tauraruwata, yau ma mai maganin tarin yana nan? Wa ya zuba masa taliya?"

"Ni. Baƙon Kaka ne, ya zan yi?"

"Kin sa masa cuku da hannunki?"

"Fulvio! Kishin cuku kuma?"

"Har kujerar da yake zama a kai kishinta nake."

Ba ta amsa ba. Shirun ya fi ƙarfinsa. Lahadi ta gaba ya kama hanya, ba gayyata.

Ya tarar da Gualtiero tsaye a gaban tebur, hannu a ƙugu, yana zubo barazanar fim ɗin da ka. Ottavia ta sunkuyar da kai tana dariya, Fulvio ya ji kamar an watsa masa barkono.

"Kai, Baba Settimio!" Gualtiero ya ƙarasa. "Muryar nan taka! Ita ta riƙe fim ɗin!"

Kaka ya ajiye cokali, ya dubi bakin ƙofa, inda Fulvio yake tsaye.

"Kai ne mai bakin? Tunda ka zo, maimaita a gabana."

Fulvio ya kalli Ottavia. Ya san ƙarya ɗaya za ta iya ba shi kujera.

"Baba, labarin fim ɗin ya ɓace a tsakiya. Jarumin bai iya doki ba, riƙe linzami yake kamar igiyar shanya. Amma kiɗan yana ratsa jiki, tuddan nan sun fito kamar wata duniya. Faɗuwarka kuwa na maimaita ta sau arba'in, ƙafarka a likkafa har ƙasa, ban taɓa ganin irinta ba. Sai dai muryar ba taka ba ce. Na bi leɓɓanka. Ƙirga kake yi, ɗaya, biyu, uku, har sha bakwai."

"Sha tara," in ji Kaka a hankali. "Darakta ya ce harshena na makiyaya ne. Ya ce in yi ta ƙirge, wani a Roma zai yi maganar. Haƙarƙarina biyu na bari a wurin nan, amma shekara hamsin muryar wani ake tafa wa." Ya juya ga Gualtiero. "Wata uku kana cin taliyata, ba ka taɓa sauraron yadda nake magana ba?"

Gualtiero ya tuna yana da uzuri a kanti.

Ottavia ta jawo kujerar da ya bari. "Ga ta nan, sarkin kishi. In sa cuku?"

"Da hannunki, Tauraruwata."

A watan Mayu aka ɗaura aure. Bayan an ci an sha, ango ya sa aka rufe tagogin zauren, ya kunna na'ura. Ɗan fashin ya fito a kan dokinsa, matashi, ya buɗe baki, sai ga muryar tsoho mai kaushi, harshen makiyayan Tolfa tsantsa. Muryar Kaka ce, sati uku shi da ango suka yi suna ɗaukarta a ɗakin girki, a ɓoye.

Ba wanda ya jira faɗuwar, tafi ya riga ta.

Kaka ya goge ido, ya haɗa hannayen ango da amarya cikin nasa.

"Allah ya zaunar da ku lafiya, ya ba ku 'ya'ya masu faɗin gaskiya. Wannan karon ni na faɗa, da bakina."