Kunnen Salatif

"Kowa ya kwanta! Wanda ya ɗaga kai ya mutu!"

Ƙarfe ɗaya saura na rana, a shagon gwal. Oga ya tare ƙofa da bindiga. Yaronsa Ƙusa ya tsallake kanta yana share sarƙoƙi da awarwaro cikin jakar goyo. Mai shagon ya kifa ciki yana salati ƙasa-ƙasa. Wata mata da ta zo gwada zobe ta dunƙule hannu, Ƙusa ya murɗe yatsan ya zare.

Maigadi ne ya yi ganganci. Tsoho ne, sanda kawai gare shi. Ya yunƙura.

Tau!

Bai ƙara motsi ba.

A waje, Auta direba yana riƙe da sitiyari, gumi har haɓa. Idonsa ba ya kan shagon, yana kan allurar zafin inji. Allura tana tsakiya, lafiya lau. Yana kallonta kamar ta ci amanarsa.

Ƙofofi suka buɗe, suka rufe — garam!

"Taka, ɗan iska! Mu ware!" in ji Oga.

Ya taka. Titi fetal, mota na shan iska. Ƙusa na dariya a baya yana girgiza jaka. Minti goma ba su yi ba suka faɗa cunkoso. Tirela ce ta mutu a mahaɗa, motoci sun yi cirko-cirko. Gaba babu, baya babu.

Allura ta fara hawa. Ta wuce rabi. Ta taɓa ja. Tururi ya taso ta gefen bonet.

"Meye wannan kuma?" in ji Oga.

"Fanka ce ba ta tashi ba."

"To tashe ta!"

"Sai mai wayarin, Oga. In muka ƙara minti biyar a haka inji zai kama."

Oga ya ɗora masa bakin bindiga a haƙarƙari. "Ka san wani?"

Auta ya gyaɗa kai. Ya san wani. Shi ne ma wanda bai so ya sani ba. Ya karya kan mota, ya hau dakalin masu tafiya a ƙasa, ya faɗa wani lungu.

A shagon gwal kuwa, an lulluɓe maigadi da labulen taga. Sufeto na tsaye da littafi, mai shagon na ba shi bayani.

"Farar mota ce, ranka ya daɗe. Fitilar baya ta hagu a fashe."

Kofur ya sauke waya daga kunne. "Yallaɓai, an ga farar mota tana hayaƙi a mahaɗa. Wai ta shiga bayan layin masu walda."

"Hayaƙi ko tururi?"

"Ba su ce ba."

"In tururi ne ba ta yi nisa ba. Gareji nawa ne a wajen?"

"Sun fi ashirin."

"To ƙafa ta same mu. Ɗaya bayan ɗaya."

Garejin mai wayarin rumfa ce ta kwano a ƙarshen lungu, da benci ɗaya, da matattun batura jere a jikin bango, da wayoyi rataye a ƙusoshi. Mutumin ya haura hamsin, ba ya son surutu. Yana cin abincin da matarsa ta aiko farar mota ta shigo tana huci. Ya ga mai tuƙin, ya ajiye cokali.

Auta ƙanin matarsa ne. Shekara uku ya yi a rumfar nan yana koyon aiki, bai gama ba ya gudu, wai wayarin aikin masu haƙuri ne, shi tuƙi yake so.

"Yaya, sannu da aiki," in ji Auta, idonsa a ƙasa.

"Au, ɗan gida ne ma," in ji Oga yana fitowa. Ya ɗaga riga kaɗan, mai wayarin ya ga abin da ke ƙugu. "Baba, fanka. Minti biyar. Ba ka gan mu ba, ba mu gan ka ba."

Mai wayarin ya dubi jinin da ke takalmin Ƙusa. Ya san wannan maganar ƙarya ce. Wanda ya ga fuska uku da tsakar rana ba a barinsa da baki. Amma ya miƙe, ya goge hannu.

"Buɗe bonet."

Ƙusa ya kai hannu murfin lagireto, inda ruwan inji ke tafasa.

"Kar ka taɓa! Sai ya saɓule maka fuska."

"Kai Baba, da wa kake?"

"Da kai. Matsa min."

Ya buɗe akwatin fis, ya zaro na fanka, ya ɗaga shi sama ya duba. Bai ƙone ba. Ya mayar. Ya ce wa Auta, "Danna hon." Hon ya yi ƙara.

Oga ya yi tsalle. "Kai! Gari kake so ka tara mana?"

"Rile nake gwadawa. Shi ne ɗan baƙin akwatin nan da ke sakar wa fanka wuta. Na hon da na fanka iri ɗaya ne. Tunda na hon yana da rai, sai in musanya." Ya zare, ya musanya. "Kunna."

Ƙas! Rile ya amsa. Fanka shiru.

"To ba shi ba ne."

"Baba, ni ba makaranta na zo ba."

"Ni ma ban je ba. In kana da hanyar da ta fi wannan, ga mota ga ka."

Ya cire soket ɗin fanka, ya ɗauko wayoyinsa biyu masu bakin kada, ya maƙala a kan batir, ya maƙala a jikin fankar kai tsaye.

Fuuuu! Fanka ta tashi kamar za ta fizge kanta.

"Yauwa!" in ji Ƙusa. "Shi ke nan, mu fece!"

"Ba shi ke nan ba. Wannan gwaji ne. Fankar lafiyarta ƙalau, wuta ce ba ta isowa. Tana fita daga rile, tana ɓacewa a hanya."

Ya bar ta tana juyawa don inji ya huce. Ya ɗauki testa mai 'yar fitila, ya bi wayar yana tsikara. Nan fitila ta kama. Nan ma ta kama. Ya zura hannu bayan fitilar gaba, inda ido ba ya kaiwa. Nan fitilar testa ta mutu. Yatsunsa suka taɓa baƙin salatif, sabo, ko ƙura bai sha ba. Ya shafa ƙarshensa.

An naɗe bakin salatif ɗin ciki, an yi masa ɗan kunne.

Hannunsa ya tsaya. Shi kaɗai ke yin haka a duk layin, don in an dawo gyara a ja kunnen a warware ba sai an nemi reza ba. Mutum ɗaya ya taɓa koya wa, da ranƙwashi ma. Ya ja kunnen. Waya ta rabu biyu a hannunsa, yankan filaya, sumul.

Bai ɗaga kai ya dubi Auta ba. Ya dunƙule salatif ɗin a tafin hannu.

"Me ka gani?" in ji Oga.

"Ɓera ne ya ci waya."

"Ɓera." Oga ya leƙa. "Buɗe hannunka."

"Datti ne."

"Buɗe!"

Ƙusa ya banƙare yatsun. Ya ɗaga salatif ɗin yana dariya. "Oga, ɓeran nan ɗan gayu ne. Ya ci waya, ya naɗe ta, har da kwalliya." Sai dariyar ta tsaya. Ya juya ya dubi bango. Wayoyin da ke rataye, kowacce da kunnenta. Ya dubi masu bakin kadan da ke kan batir. Su ma haka. "Oga, duba nan. Aikinsa ne! Da shi aka haɗa baki a kawo mu nan!"

Bindiga ta sauka a goshin mai wayarin.

"Wa ya sa ka? 'Yan sanda?"

"Yau na fara ganin motar nan."

"Zan ƙirga uku. Ɗaya."

Can nesa aka ji jiniya, ta yi ta ɗauke.

"Biyu —"

"Ni ne!"

Auta ya fito daga mota, hannu a sama. "Ni na yanke, Oga. A wajena motar ta kwana. Bai san komai ba, wallahi. Na ce maka ba zan je ba, ka ce in na fasa gidan yayata za ka fara zuwa. Na ce bari mota ta yi zafi a hanya tun kafin mu isa, a fasa aikin, kowa ya koma gida. Ban so a taɓa kowa —"

Tau! Tau!

Auta ya zame a jikin ƙofa ya zauna.

Jiniya ta dawo, kusa sosai, bakin lungu. Oga ya dubi fanka. Tana juyawa, tana ruri. Ya buga bonet — garam! — ya finciko Auta ya yar gefe, ya faɗa mazaunin direba. Ƙusa ya leƙo ta taga ya saki harsashi ɗaya. Mai wayarin ya ji kamar an maka masa guduma a kafaɗa, ya faɗi tsakanin batura.

Bai ce musu fankar a kan wayar gwaji take ba. Ba su tambaya ba.

Ramin farko da suka daka a bayan lungu, bakin kada ya suɓuce daga batir. Suka ɓulla babban titi, suka sake faɗawa cunkoson tirelar nan ta ɗaya gefen. Allura ta hau, ta manne a ja. Inji ya yi tari biyu ya kama. Oga ya murɗa makulli, ya sake murɗawa — shiru!

"Ku fito! Hannu a sama!"

Ƙusa ya ɓalle da gudu da jaka a baya. Bai kai kwalbati ba Kofur ya sauke shi da harsashi. Oga ya jefo bindiga ta taga, ya fito cikin tururi yana tari.

A rumfa, mai wayarin ya ja jiki ya isa inda Auta yake. Ya tallafo kan Auta da hannun da ya rage masa.

"Yaya... ta ƙi yin zafi. Har muka isa allurar ba ta motsa ba."

"Sau nawa na gaya maka? In mota na gudu iska ke sanyaya ta. Fanka ba ta da aiki sai an tsaya."

"Ashe sai an tsaya," in ji Auta. Ya yi kamar zai yi dariya. Bai ƙarasa ba.

An binne maigadi da la'asar, ya bar mata da 'ya'ya biyar. Ƙusa ya cika a hanyar asibiti. Oga yana tsare, kuma ba mai fitowa ba ne. Gwal ya koma wa mai shi, har da zoben matar nan. Mai wayarin ya yi wata biyu a kwance, hannun dama bai ƙara ɗaguwa sama da ƙirji ba.

Ranar da ya koma rumfa, matarsa ce ta kawo abincin da kanta. Ta zauna a benci tana kallonsa yana naɗe wata waya da hannun hagu. Tun rasuwar ƙaninta ba ta tambaye shi komai ba sai ranar.

"Baban yara, a shekara ukun nan, bai koyi komai a wajenka ba?"

"Ya koyi abu ɗaya."

Ya kai ƙarshen salatif ɗin. Yatsansa ya tafi zai naɗe kunne, ya tsaya. Ya yanke shi da haƙori, ya danne bakin ya kwanta sumul.